Akwatin Raba Ƙarfi a Tsofaffin Motoci Masu Ja da Ƙafa Huɗu: Abin Dubawa Kafin a Canza Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila da damina, ko ya bi hanyoyin rairayi na arewacin Agadas, ya san akwai wuraren da motar da ke ja da tayoyi biyu kawai ba ta da ta cewa. A irin waɗannan wurare motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser, su ne ke kai mara lafiya asibiti, su fito da amfanin gona kasuwa. Da yawa daga cikinsu sun tsufa. Kamfanin Land Rover ya daina ƙera samfurin Series III a shekarar 1985, tsohon samfurin Defender kuma a 2016. Saboda haka idan wani sashe ya lalace, mai mota kan nemi na hannu daga jikin wata motar da aka kwance. Wannan darasi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan sassa, watau akwatin raba ƙarfi: aikinsa, da lissafin da ke tattare da shi, da abubuwan da suka wajaba a duba kafin a ɗora wa mota wani a madadin nata.

Mene ne akwatin raba ƙarfi?

A motar da aka saba gani, ƙarfi yana tashi daga inji, ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, sa'an nan farfela ta kai shi ga aksul guda ɗaya. A mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa akwai wani akwati na biyu a bayan akwatin giya. Shi ne akwatin raba ƙarfi. Ƙofar shigarsa ɗaya ce, amma ƙofofin fita biyu ne: ɗaya tana juya farfelar gaba, ɗaya ta baya. Wannan tsari ya yaɗu ne tare da motar jif ta sojojin Amurka, wadda kamfanin Willys ya soma ƙerawa a 1941. Daga gare ta Land Rover ta ɗauki fasali, aka kuma fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam a watan Afrilu na 1948.

Aikin akwatin iri biyu ne. Na farko shi ne raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Na biyu shi ne samar da zango biyu na giya: zangon sama domin tafiya a kan titi, da zangon ƙasa domin taɓo da yashi da hawa mai tsanani.

Lissafin giya

Idan ƙaramar giya mai haƙora 20 tana juya babba mai haƙora 40, sai ƙaramar ta juya sau 2 kafin babbar ta juya sau 1. Wannan shi ne ma'aunin juyi, ana rubuta shi 2:1. Gudu ya ragu da rabi, amma ƙarfin murɗa ya ninka sau 2. Giya ba ta ƙirƙirar makamashi. Musaya kawai take yi tsakanin gudu da ƙarfin murɗa. Idan kuma giyoyi suna jere, wannan na bin wannan, ana ninka ma'auninsu ne, ba a tarawa.

Alal misali, a Land Rover Series III giya ta 1 tana da ma'auni 3.68:1, zangon ƙasa na akwatin raba ƙarfi 2.35:1, aksul kuma 4.7:1. Idan aka ninka su ukun za a sami kimanin 40.6. Ma'ana, inji zai juya fiye da sau 40 kafin taya ta juya sau 1. Shi ya sa motar ke rarrafe a kan tsauni da kaya niƙi-niƙi ba tare da inji ya mutu ba. A giya ta 4 kuwa, wadda ma'auninta 1:1 ne, da zangon sama mai 1.15:1, jimlar ba ta wuce 5.4 ba.

Akwati iri biyu

Idan mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. Ɗalibi zai iya tabbatar da haka da ƙa'idar Paitagoras. Tsakanin aksul na gaba da na baya a doguwar Land Rover inci 109 ne, watau mita 2.77. Idan tsakiyar aksul na baya tana zagaya da'ira a tazarar mita 6 daga cibiya, to tsakiyar na gaba tana tazarar kimanin mita 6.6. A zagaye ɗaya, baya zai yi mita 37.7, gaba kuma mita 41.5. Bambancin ya kusa mita 4.

Maƙera motoci sun bi hanya biyu wajen magance wannan bambanci. A iri na farko, kamar na Series III, motar tana tafiya da tayoyin baya kawai, sai direba ya danna sanda mai kai rawaya ko ya ja mai jan kai kafin gaba ya shiga aiki. Da zarar ya shiga, farfelu biyun sun zama kamar sanda ɗaya. A cikin yashi ko taɓo taya kan ɗan zame, bambancin ya warware. A kan kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su cinye, a ƙarshe wani abu ya karye.

A iri na biyu tayoyi huɗun suna ja a kullum. An saka wa akwatin wata na'ura mai suna difaranshiyal, watau madaidaicin gudu, wadda ke barin farfelar gaba ta ɗan fi ta baya sauri. Idan hanya ta ɓaci sai direba ya kulle ta. Range Rover ta zo da wannan tsari a 1970, haka ma akwatin LT230 da ke jikin Land Rover 110, wadda ta fito a 1983.

Kama da wane ba ta wane

Likitoci ba sa dasa wa mutum ƙoda sai sun gwada jini da tsoka sun ga sun dace, domin ƙodar da ba ta dace ba jiki zai yaƙe ta, komai lafiyarta. Ba mamaki dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda aka yi a birnin Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Ƙarfe ba shi da garkuwar jiki, amma shi ma yana ƙin abin da bai dace da shi ba. Ga wuraren da ya kamata a gwada.

1. Ma'aunin zangon sama. Akwatunan LT230 kusan fuskarsu ɗaya, zangon ƙasansu ma 3.32:1 ne a yawancinsu, amma zangon sama ya bambanta. Akwai mai 1.667:1, da mai 1.410:1 wanda aka fi samu a Defender, da mai 1.222:1 na Discovery. Motar da injinta ke juyi 3,000 a minti da akwati mai 1.410, idan aka saka mata mai 1.222 zai koma 2,600 a wannan gudun. Ƙara za ta ragu, amma ƙarfin murɗa a taya ya ragu da kashi 13 cikin 100. Ga mai doguwar tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi wannan riba ce. Ga mai ɗaukar buhunan masara a kan tsauni asara ce. Idan kuwa mai 1.667 aka saka, injin zai haura kusan 3,550, ya yi ta kuka yana shan mai.

2. Mahaɗa da akwatin giya. Sandar da ke fitowa daga akwatin giya tana da tsagogi a bakinta, waɗanda ke shiga cikin giyar farko ta akwatin raba ƙarfi. Dole yawansu da kaurinsu da tsawon sandar su yi daidai. Wasu akwatunan manne suke da akwatin giya, wasu kuwa a ware suke, wata gajeriyar farfela ce ke haɗa su.

3. Gefen da farfelar gaba ke fita. Akwatin NP205 na manyan a-kori-kura na Amurka misali ne mai kyau. Na motocin Ford yana fitar da farfelar gaba ta hagu, na Chevrolet kuwa ta dama. Suna ɗaya, amma wannan ba ya zama a gurbin wancan, domin tulun aksul na gaba ba ya canza gefe.

4. Irin gaɓoɓin aksul na gaba. Yawancin motocin Series suna da gaɓa mai siffar gicciye a inda tayar gaba ke karkata. Irin wannan gaɓa ba ta juyi da gudu ɗaya idan ta lanƙwasa. Idan aka saka wa motar akwati mai ja da ƙafa huɗu a kullum, sitiyari zai riƙa fizga a kwana.

5. Ma'aunin aksul. Na Series 4.7:1 ne, na Range Rover da Defender 3.54:1. Tsohuwar mota ta wuce ta hannu da yawa. Mai yiwuwa an taɓa canza mata aksul ɗaya. Idan na gaba da na baya suka saɓa, ranar da aka kulle ƙafa huɗu a kan ƙasa mai tauri ranar ce haƙoran giya za su zube.

6. Tsawon farfelu da mazaunin akwati. Farfelar da ta gaza tana iya zarewa idan mota ta faɗa rami. Wadda ta yi tsawo kuma tana dukan akwatin har ta fasa shi.

Gwajin alli

Lambar da aka buga a jikin akwati tana nuna irinsa, amma ba ta faɗin abin da wani bakanike ya canza a ciki. Hanya mafi tabbas ita ce a ƙirga. A saka akwatin a zangon sama, a kulle madaidaicin gudu idan yana da shi, a yi alama da alli a ƙofar shiga da ta fita. Sai a juya har ƙofar fita ta zagaya sau 10. Idan ta shiga ta zagaya sau 14 da ɗan ɗoriya, akwatin mai 1.410 ne, idan sau 12 da ɗan ɗoriya, mai 1.222 ne, idan ta kusa 17, mai 1.667 ne. A nan ne kuma za a saurari ƙarar boris, a duba tsagogin giyar farko ko sun cinye, a tsiyaye tsohon mai a ga ko akwai ɓarɓashin ƙarfe ko alamar ruwa.

Kiyaye rai wajen aiki

A waɗannan motoci na Land Rover birkin hannu ba a tayoyi yake ba, a bayan akwatin raba ƙarfi yake, yana riƙe farfelar baya. Da zarar an kwance farfelar, birkin hannu da giya duk sun daina riƙe mota, alhali bakanike yana kwance a ƙarƙashinta. Wajibi ne a tsayar da mota a wuri mai daidaito, a tokare tayoyi huɗun gaba da baya kafin a taɓa noti ko ɗaya. Akwatin yana da nauyi ƙwarai. Da jak ake sauke shi, ba a tara masa ƙirji.

Bayan an ɗora sabon, a zuba man da ya dace. Akwatunan Series da LT230 man giya mai kauri, EP90, suke sha, amma wasu masu aiki da sarƙa suna buƙatar mai tsinkakke irin na giya mai canza kanta. Gwajin farko a kan turɓaya ake yin sa, a hankali, a shiga kowane zango, sa'an nan a leƙa ƙasa a duba yoyo.

Kammalawa

Canza akwatin raba ƙarfi aiki ne na sifana, amma awo da ƙirga ne ke gabatar sa. Alli guda da tef ɗin awo da lissafin ninkawa na aji 1 na sakandare sun isa su hana mai mota asarar kuɗinsa, su kuma hana mota tsayawa da fasinjoji a tsakiyar daji.

Tambayoyi domin aji

1. Wata mota tana da giya ta 1 mai 4:1, zangon ƙasa mai 3.32:1, aksul mai 3.54:1. Sau nawa inji zai juya kafin taya ta juya sau 1?

2. Gajeriyar Land Rover tana da inci 88, watau mita 2.24, tsakanin aksul biyu. A sake lissafin kwana da tazarar mita 6, a kwatanta da na doguwar.

3. Me ya sa ake iya kulle ƙafa huɗu a cikin yashi amma ba a yin haka a kan kwalta?