Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa wuyan majinyaci ya sanƙare bayan allura?

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya daga Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni, ta tambaya: me ya sa wuyan wasu masu taɓin hankali ke sanƙarewa bayan an yi musu allura?

To malama, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da ke, tabbas za ki ci karo da wannan. Magungunan allurar, irin su haloperidol da kuma chlorpromazine, wanda aka fara bai wa masu taɓin hankali a Faransa a 1952, suna toshe aikin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa. Hakan ne ke kwantar da ruɗu, shi ne kuma ke sa wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, galibi a kwanakin farko, musamman ga samari. 'Yan uwa kan ce aljanu ne, a je ruƙiyya. Ki kwantar musu da hankali, ki kira likita. Benzhexol, wato Artane, kan warware sanƙarewar.

Abin da ya fi ban tsoro cikin illolin waɗannan magunguna shi ne zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da rikicewa. Kada ki ce maleriya ce kawai. Ki dakatar da maganin, ki nemo likita nan take, don rai na iya salwanta.

Sauran magungunan taɓin hankali ma suna da nasu illolin. Mai shan lithium, zafin Afrilu na Kano da azumi kan busar masa da jiki, maganin ya taru a jini. Amai, gudawa da karkarwa alamun hakan ne. Olanzapine yana sa ƙiba, sai a riƙa auna nauyi da sukarin jini.