Man difarenshal: mai Hilux, yaushe rabonka da duba shi?

Duk direban da ya shigo garejina ya san ranar da ya canza baƙin mai, wani har lambar kilomitar ya rubuta a jikin ƙofa. Amma in na tambaye shi man difarenshal, sai ya yi shiru, ko ya ce ai tun da aka sayo motar bai taɓa ba shi matsala ba. Ba na ganin laifinsa sosai. Wannan mai ba shi da sandar awo, ba shi da fitila a dashbod, yana can ƙarƙashin mota cikin tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksul. Ba ya magana sai ya gama ɓarna.

Aikin difarenshal shi ne ya karɓi juyin furofela ya raba wa tayoyi biyu, ya kuma bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Haƙoran da ke ciki ba haɗuwa kawai suke yi ba, goga juna suke yi da ƙarfi, musamman da kaya a baya. Shi ya sa ake zuba musu mai na musamman, wanda za ku ga an rubuta GL-5 a jikin galan, mai warin farar wuta. Sinadarin da ke wannan warin ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Baƙin man inji ba shi da wannan ƙarfin, kuma na sha buɗe difarenshal na tarar da shi aka ɗura, wani lokaci ma tsohon da aka juye daga wata motar. Mota mai jan ƙafa huɗu kamar Hilux ko Land Cruiser tana da difarenshal biyu, gaba da baya, ga kuma akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu, kowanne da nasa man.

A garejina ina ba da shawarar canzawa duk kilomita 40,000 ga motar da ke shiga daji. Sai dai yawancin waɗanda nake kwancewa ba tafiya ce ta kashe su ba, ruwa ne.

A saman aksul akwai wata 'yar hular ƙarfe da ba ta kai kan babban yatsa ba. Ta nan difarenshal ke numfashi. Mota ta yi doguwar tafiya, ƙarfe ya ɗau zafi, iskar ciki ta buɗe. Sai direba ya iso bakin rafi ya faɗa kai tsaye. Ruwan sanyi na taɓa tulun, iskar ciki ta tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta hular nan ko ta robobin gefen aksul. Motar za ta haye lafiya, direba ya yi hamdala ya wuce, alhali ya ɗauko ruwa da laka a cikinta. Masu bin fadamun Haɗeja da Nguru da damina, da masu hawa ƙauyukan Mambila, su ne suka fi kawo mini irin wannan. Idan aka kwance notin juye mai, maimakon mai mai launin zuma sai ka ga abu ya zubo kamar shayi mai madara. Wannan ya daina aikin mai. Beyarin zai fara tsatsa, bayan wasu makonni a fara jin kuka daga baya, yana ƙaruwa idan an taka totur. In kukan ya fara, sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba. Don haka duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a duba man cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da makon jiya aka canza shi. Wanda sana'arsa ke nan, ya sa a cire hular a ɗaura siririn tiyo a ja shi sama zuwa cikin bonet. Aiki ne mai araha. Hular kuma laka na toshe ta, sai iska ta rasa mafita ta turo mai ta roba har ya jiƙe birkin baya. Masu ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku su kuwa zafi da lodi ne ke ƙona musu mai, ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri.

Canjin kansa ba wuya. A ɗan zagaya da motar mai ya yi ɗumi, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a goge ƙasar da ke kewaye da notunan. Notin sama, na zubawa, shi ake fara kwancewa. Wannan nake nanata wa yarana kullum, domin in ka juye mai sannan na saman ya ƙi kwancuwa, ka tsayar da motar mutane ke nan. Na bayan Toyota galibi soket mai lamba 24 ke kama shi. Sai a kwance na ƙasa a tara man a roba.

Kafin a goge notin ƙasan nan, maigida, ka karɓa ka duba da idonka. Akwai maganaɗisu a bakinsa. In ka ga baƙin abu mai laushi da ke narkewa tsakanin yatsu, cin yau da gobe ne, ba komai. In kuwa ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, ko ka ga gutsuren ƙarfe mai ƙyalli, haƙori ko beyarin ya fara tafiya, gara a buɗe tun kafin ya tsaya da kai a inda babu sabis.

A sa sabuwar washa, a ɗaure notin ba tare da an hau sifana da ƙafa ba. A bayan Toyota da yawa awon ɗaurin 49 Nm ne. Sannan a tura sabon mai da famfon hannu har ya fara leƙowa ta bakin ramin sama. Iyakarsa ke nan. Wanda ya karkata mota don ya ƙara cusawa, kumfa da yoyo yake saya.

Kaurin mai, littafin motarka ne alƙali. Za ka ga 75W-85, 75W-90 ko 80W-90, masu lodi mai nauyi a ƙasa mai zafi kuma wasu kan koma 85W-140. Idan akwai takardar LSD, wato difarenshal mai rage zamewar taya ɗaya, a manne jikin tulun, a nemi man da aka rubuta LSD, in ba haka ba baya zai riƙa gurnani a kwana. Kada kuma a juye ragowar GL-5 a giyabos ɗin da littafi ya ce GL-4, don yana iya cin zoben tagullar da ke ciki. Ku sayi galan a rufe, a fasa shi a gabanku. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, ko mai sayarwar ba zai iya rantsuwa kan abin da ke ciki ba. Tsohon kuma a zuba shi a jarka a rufe, kada a malala shi a kwata.