Darasi Na Bakwai: Tubalan Furotin da Hanyoyin Rarrabe Shi

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani a kan amino asid da feftayid, sannan ya nuna yadda ake rarrabe furotin iri-iri, da kuma amfanin hakan wajen gano cutar sikila.

2.0 Amino Asid da Feftayid

Furotin shi ne sinadarin da ke gina tsoka da fata da gashi. Tubalan da ake gina shi da su su ne amino asid, waɗanda iri 20 ne. Jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa 9 daga cikinsu, sai dai ya same su daga abinci kamar nama da madara da ƙwai da wake.

Kowane amino asid yana da ɓangare mai naitirojin, da ɓangare mai tsami, da kuma wani reshe da ke bambanta shi da sauran. Wani reshen yana ɗauke da cajin lantarki, wani kuwa babu. Idan biyu suka haɗu, ɓangare mai tsami na ɗaya yakan ƙullu da mai naitirojin na ɗayan, sai ƙwayar ruwa guda ta fita. Gajeren jeri irin wannan shi ake kira feftayid, dogon jeri kuwa da ya naɗe ya ɗauki siffa shi ne furotin. A shekarar 1955 Frederick Sanger na Ingila ya kammala gano jerin amino asid 51 na insulin.

3.0 Rarrabe Furotin

Rarrabe furotin ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Idan madara ta yi tsami, cajin furotin da ke cikinta yakan ragu, sai ya dunƙule ya rabu da ruwa. Haka ma mai awara take yi idan ta zuba ruwan tsami a madarar waken suya.

A ɗakin gwaji kuwa, wutar lantarki ake amfani da ita, hanyar da Arne Tiselius na Suwidin ya inganta a 1937. Akan ɗiga furotin a kan wata takarda ta musamman mai danshi, a jona mata wuta. Kowane iri yakan yi tafiya gwargwadon cajinsa, daga nan sai su ware layi-layi.

4.0 Misalin Cutar Sikila

Himogulobin shi ne furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa na masu sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane idan an jona wuta. Vernon Ingram ya gano dalilin a Kambirij tsakanin 1956 da 1957. A wani jeri mai amino asid 146, na shida kaɗai ya sauya: balin, wanda ba shi da caji, ya maye gurbin gulutamik asid mai caji. Wannan sauyi guda shi ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta haifar da ciwo mai tsanani.

Da wannan bambancin caji ake bambanta AA da AS da SS a asibitoci. Idan miji da mata duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan.

5.0 Auna Fahimta

1. Mene ne bambanci tsakanin feftayid da furotin?
2. Me ya sa himogulobin S ba ya tafiya daidai da A?
3. Bayyana alaƙar yin awara da rarrabe furotin.