Aikin Wata Shida Ma Amana Ne

Ɗana, na ji kana shirin ajiye aikin da aka ɗauke ka na wata shida tun wa'adi bai cika ba, wai tunda ba na dindindin ba ne. Bari in faɗa maka yadda nake ganin abin.

Ban ce ba ka da hujja ba. Mun ga abin da ya faru da 'yan N-Power. A 2016 gwamnatin Buhari ta ɗauki matasa dubu 200, daga baya ta ƙara dubu 300, ana ba su naira dubu 30 a wata. Da yawansu sun riƙe azuzuwan firamare da ƙananan asibitoci tsakani da Allah, suna sa ran za a mayar da su ma'aikatan dindindin. A 2020 aka sallame su. Don haka kada ka miƙe ƙafa a aikin wucin gadi. Ka ci gaba da neman wani, ka riƙa ajiye ɗan abin da ya samu.

Amma neman wani aiki daban, sulalewa daban. Ran da ka sa hannu, ka ɗauki alkawari, kuma alkawari kaya ne. Ka tuna Annabi Musa, alaihis salam, a Madyana. Aikin wa'adi ya karɓa, shekara 8, in ya ga dama ya cika 10. Ya san ba a nan zai dawwama ba, duk da haka sai da wa'adin ya cika sannan ya kama hanya da iyalinsa. Abin da ya sa aka ɗauke shi tun farko ƙarfi ne da riƙon amana, kuma har yau su masu ba da aiki ke nema.

Ga kuma wanda ya tsaya maka aka ɗauke ka. In ka gudu, shi za a kalla, kuma gobe ba zai iya buɗe baki ya roƙa wa ƙaninka ba. Wannan ya fi damuna.

In kuwa da gaske wata ƙofa ta buɗe, ko an daina biyan ka haƙƙinka, ba wanda ya ce ka zauna. Sai dai ka fita ta ƙofar da ka shigo. Duba takardar da ka sa wa hannu, ka ga abin da ta ce game da sanarwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta yi tanadi: wanda ya haura wata 3 a aiki amma bai kai shekara 2 ba, sanarwar mako guda ce, a rubuce. Ka je wurin maigidanka ido da ido, ka gaya masa gaskiya, ka miƙa makullai da lissafi, ka nuna wa wanda zai gaje ka inda ka tsaya. Kafin ka fito, ka roƙe shi takardar shaidar aiki, don wurin da za ka je za su tambaye ka ita.