RAYUWAR INJINIYA FAZLUR RAHMAN KHAN DA DARUSSAN DA KE CIKINTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, alhazan da suka sauka a filin jirgin sama na Jidda, ko suka tashi daga can, daga shekarar 1981 zuwa yau, mafi yawansu sun zauna a ƙarƙashin waɗansu manyan fararen rumfuna masu siffar tanti, suna jiran a duba takardunsu ko a kira jirginsu. Dubban alhazan Nijeriya da Nijar da Gana sun sha wannan inuwa, amma kaɗan ne suka san sunan injiniyan da ya yi lissafin tsayuwarta. Sunansa Fazlur Rahman Khan, kuma rayuwarsa ita ce darasin wannan mako.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi ran 3 ga watan Afrilu, 1929, a ƙasar Bengal, yankin da yanzu ake kira Bangaladesh, a cikin gidan Musulmi ma'abota ilmi. Mahaifinsa, Abdur Rahman Khan, malamin lissafi ne, kuma mawallafin littattafan makaranta, shi ne kuwa ya fara ɗora shi a kan hanyar karatu. Ya koyi aikin injiniya a Kalkata da Dakka, ya gama a 1950. A 1952 ya sami taimakon karatu zuwa Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, inda cikin shekara 3 kacal ya sami manyan digiri biyu da na dakta. A 1955 ya kama aiki da kamfanin Skidmore, Owings & Merrill a birnin Shikago. Ya koma Pakistan ya yi aiki na 'yan shekaru, sa'an nan ya dawo kamfanin a 1960, bai sake barinsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

HIKIMAR DA AKA SAN SHI DA ITA

Babban abokin gābar dogon bene iska ce. Nauyin gini yana danna ƙasa ne, wannan kuwa magina sun daɗe da sanin maganinsa. Amma iska daga gefe take bugowa, kuma gwargwadon tsawon gini gwargwadon ƙarfin bugunta. A da, maganin da aka sani shi ne a yi ta ƙara ƙarfe a ginshiƙan ciki, har kuɗin ginin ya fi ƙarfin mai shi.

Sai Khan ya zo da wata dabara, watau a jera ginshiƙai kusa da juna a bangon waje, a ɗaure su da ƙaƙƙarfan ƙarafa na kwance, ta yadda ginin duka zai zama kamar sandar gora, wadda cikinta rami ne amma ba ta tanƙwaruwa da sauƙi. Da irin wannan dabara, tare da manyan ƙarafa masu gicciye a jikin bango, aka gina benen John Hancock mai hawa 100 a Shikago, wanda aka gama a 1969. Benen Empire State na birnin Niyok, wanda aka gama a 1931, ya ci wajen kilo 206 na ƙarfe a kowace murabba'in mita, wannan kuwa kilo 145 ya ci.

Daga nan ya ƙara gaba. Kara ɗaya ko yaro ya karya shi, amma dami sai ƙato ya sha wuya. Saboda haka ya haɗa irin waɗannan gine-gine guda 9 ya ɗaure su wuri ɗaya kamar dami, kowanne da iyakar tsawonsa. Wannan shi ne benen Sears mai tsawon mita 442, wanda ya kai ƙololuwarsa a 1973, ya zama mafi tsawo a duniya har zuwa 1998. Tun 2009 ana kiransa Willis. Dogayen benaye da yawa da aka gina daga baya a kan tushen wannan ilmi suka tsaya.

RUMFAR ALHAZAI

Aikin Jidda dabam yake da waɗannan. Ana bukatar wurin da zai ɗauki alhazai wajen 80,000 a lokaci guda, waɗansu su daɗe suna jira, a ƙasa mai tsananin rana, kuma cunkoson na 'yan makonni ne a shekara. Da an yi rufaffen gini mai na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin ginawa da na wuta sun wuce misali. Sai Khan da abokan aikinsa suka koma ga tantin Larabawan hamada. Suka tsara tantuna 210, kowanne mita 45 tsawo da faɗi, an yi su da ƙyallen zaren gilashi mai shafen Teflon, an rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen turaku. Farin ƙyallen yana mayar da mafi yawan zafin rana, haske kuwa yana ratsowa, gefe a buɗe iska na shiga, zafi na fita ta kan kowane tanti. An gama aikin a 1981, watau 1401 bayan Hijira, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1983.

JAMA'ARSA DA IYALINSA

A shekarar 1971 yaƙi ya ɓarke a ƙasar haihuwarsa, mutane wajen miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya. A lokacin ana tsakiyar ginin Sears, aikin da ya isa ya zama uzuri ga kowa. Duk da haka ya tara 'yan ƙasarsa mazauna Shikago da abokan arziki, aka kafa ƙungiyar tattara gudummawa domin waɗanda bala'in ya shafa. Har wa yau, ya kasance yana ware lokaci, musamman ranar Asabar, yana zama da ɗaliban wata kwalejin fasaha a Shikago, yana duba zane-zanensu yana gyara musu.

Game da iyali kuwa, an san shi da son zama da su, da rera waƙoƙin harshensa na Bengali. 'Yarsa Yasmin Sabina Khan, wadda aka haifa a 1960, ta bi sawunsa ta karanta aikin injiniya, a 2004 kuma ta wallafa littafi a kan rayuwarsa da ayyukansa. Allah Ya yi masa rasuwa a Jidda ran 27 ga watan Maris, 1982, sanadin ciwon zuciya, yana kan tafiyar aiki, yana da shekara 52. An kai shi Shikago aka binne shi a can.

ABIN LURA

Na farko, ilmin sana'a ba abin rainawa ba ne a addini. Imam Gazali da waɗansu malamai sun lissafa likitanci da lissafi da sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su a cikin farilla ta kifaya, watau idan aka rasa mai yi a gari, laifin ya hau kan kowa. Mai gina gada da mai haƙa rijiya da mai jawo ruwan famfo suna sauke wa al'umma wani nauyi ne, in sun kyautata niyya.

Na biyu, amana. Khan ya rage ƙarfe a gini, ɗan kwangila maha'inci shi ma yana ragewa, amma tsakaninsu akwai nisa kamar sama da ƙasa. Shi ya rage ne da ilmi da lissafi da gwaji, ginin ya tsaya daram, mai shi ya sami sauƙi. Wancan kuwa yana rage siminti da rodi ne a ɓoye domin ya cika aljihu, bene ya faɗo kan bayin Allah suna barci. Alkur'ani ya yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu a Suratul Muɗaffifina, tauye buhun siminti kuwa ya fi muni, domin rayuka ne a ƙarƙashinsa. Injiniyan da ya sa hannu a kan aikin da ya san an ha'inta, da jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, duk suna da kaso a cikin jinin da ya zuba.

Na uku, girman aiki ba ya ɗauke haƙƙin dangi da na gida. Mutane da yawa in ɗaukaka ta zo sai su manta da garinsu, 'ya'yansu kuma su tashi ba su san zama da mahaifi ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa ana auna alherin mutum ne da yadda yake ga iyalinsa.

Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ayyukan mamaci suna yankewa in ban da sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Niyya dai Allah kaɗai Ya san ta, Shi ne kuma Mai sakamako. Abin da ido ya gani shi ne inuwar da baƙin Allah ke sha, da ilmin da ake karantarwa a makarantun injiniya, da zuriyar da ta riƙe sunan mahaifi da mutunci. Ya kamata kowane ma'aikaci, babba da ƙarami, ya tambayi kansa abin da zai bari a bayansa.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rigaya, Ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta. Amin.