Haƙƙin Mai Saye a Kantin Tufafi

Duk wanda ya saba shiga kantunan tufafi, ko a Kantin Kwari na Kano, ko a Balogun ta Legas, ko a Ariaria ta Aba, ya san rubutun nan da akan manna a bango ko a buga a ƙasan rasit, mai cewa in an saya ba a mayarwa. Mutane da yawa suna zaton wannan doka ce, alhali kuwa ra'ayin mai kanti ne kurum. Wannan darasi zai bayyana abin da dokar ƙasa ta tanada, domin mai saye da mai sayarwa kowa ya san iyakarsa.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Dokar Gasar Ciniki da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar da ake kira FCCPC a taƙaice, mai hedkwata a Abuja, wadda ta maye gurbin Majalisar Kare Masu Saye da aka kafa da dokar soja ta 1992.

1. Farashi

Doka ta wajabta wa mai kanti ya nuna farashin kayan da ya baje don sayarwa. In ya rubuta naira dubu ashirin a jikin riga, ba shi da ikon neman abin da ya haura haka sa'ad da ka zo biya. Wannan bai hana tayi ba. Kana iya tayawa, shi kuwa ya ce albarka ko ya sallama, kamar yadda aka gada. Abin da aka hana shi ne ƙari a kan abin da aka rubuta.

2. Dubawa

Kana da ikon duba kaya kafin ka biya. Warware atamfa ka ga ko turmin ya cika yadi shida. Ɗaga shadda wajen haske, domin huji da tabo ba su ɓuya a rana. Dubi ɗinkin riga ta ciki, ka gwada maɓallanta. In kaya suka lalace cikin dubawa irin ta al'ada, ba a ɗora maka biyansu, sai fa in ganganci ne ko ɓarna da niyya. Haka kuma laifi ne mai kanti ya sayar maka da jabu da sunan na asali.

3. Rasit

Kada ka bar kanti ba tare da rasit ba. Ka tabbata yana ɗauke da sunan kantin, da kwanan wata, da irin kayan, da adadinsu, da kuɗin da ka biya. Ran da gardama ta tashi, wannan 'yar takarda ita ce shaidarka.

4. Mayar da kaya

Nan ne aka fi samun saɓani. Doka ta ce in kaya suna da aibi, ko ba su dace da abin da aka saye su dominsa ba, mai saye yana iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa. Wajibi ne mai kanti ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Alal misali, mace ta sayi atamfa an tabbatar mata ba ta zuba, wankin farko kuwa ta zube ta ɓata sauran kayan wanki. Wannan aibi ne, rubutun bango kuwa ba zai kare mai kanti ba. Haka nan kayan da aka yi oda ta waya ko intanet, in suka iso ba yadda aka kwatanta su ba.

Amma a lura, dokar ba ta ɗaure wa son kai gindi ba. Wanda ya sa riga ya je biki, sa'an nan ya komo da ita wai launin bai yi masa ba, ba shi da hujja. Haka wanda aka nuna wa aibin tun farko ya yarda ya saya da rangwame.

5. Kai ƙara

Fara komawa wurin mai kanti da kayan da rasit, ka yi magana cikin ladabi. In ya ƙi, ka nemi shugabannin kasuwa. In abin ya faskara, ka kai kuka ga FCCPC, ko ta ofishinta ko ta intanet, ko kuwa ga hukumar kare masu saye ta jiharka inda akwai. Ƙofar kotu ma a buɗe take.

Ga 'yan kasuwa kuwa, musanya turmi ɗaya mai aibi ya fi sauƙi bisa rasa mai ciniki da danginsa duka. Wanda aka yi wa adalci shi ne mai kawo lefen ƙaninsa gobe.

Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya bayyana wa wanda bai iya karatu ba.