Ruwa, Ƙasa da Aljihun Manomi a Gwandu da Kalgo

A daminar 2020, daidai lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki, Gulbin Rima ya cika ya batse. Fadamar da ta miƙe daga Argungu ta bi ta Birnin Kebbi da Kalgo zuwa Bunza ta koma tafki, mutane suka riƙa shiga kwalekwale suna duba inda gonakinsu suke. Da yawa cikinsu iri da takin da suka zuba bashi ne na shirin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Ruwa ya janye, bashi bai janye ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ambaliya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, haka ma fari. Dattawa ba su manta da na 1973 da na 1984 ba. Abin da ya sake shi ne yawan aukuwarsu da tsananinsu. Masana sun bayyana dalili: hayaƙin fetur da kwal da gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci yana taruwa a sararin sama, ya hana zafin rana fita. Iska kuwa in ta yi zafi takan ɗauki laima mai yawa, sai ta juye shi gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma sama ta ɗauke na makonni. Wannan shi ake kira sauyin yanayi. Afirka duka ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan, amma ga manomin Kalgo yana biyan tara.

A tudun Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, matsalar ta sha bamban. Can gero da dawa da wake ake ji da su. Ruwan shuka ya sauka, a shuka, ya ɗauke, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Ƙasa ta gaji, itatuwan da ke tare iska sun tafi murhu da buhunan gawayi. A nan akwai abin koyi daga maƙwabta. Tun cikin shekarun 1980 zuwa gaba manoman Maraɗi suka daina tone kututture lokacin sassabe. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi daga cikin tohon, su sare sauran, su bar waɗannan su girma. Ba sayen dashe, ba ban ruwa. Da haka miliyoyin kadada suka farfaɗo a kudancin Nijar. Gawo ya fi kowane itace biyan wannan wahala: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa.

Talauci ta nan yake shigowa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci, ba don rashin kuɗi kaɗai ba, har da rashin makaranta da asibiti da ruwan sha mai tsabta. Magidancin da ya rasa damina ɗaya yakan sayar da akuya, sannan sa, sannan ya jinginar da gona. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, noman ranin da yake fanshewa da shi ma ya yi nauyi, domin injin ban ruwa fetur yake sha. Masu hali sun fara komawa injin mai aiki da hasken rana.

Duniya ba ta yi shiru ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa zuwa 2030, na farko kawar da talauci. Kebbi na cikin jihohi 11 da ke shirin katangar itatuwa ta tare hamada, Najeriya kuma ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021. Abin takaici, yawancin wannan magana da Turanci ake yin ta, a ɗakunan taro na otal, inda mai fartanya ba ya samun kujera.

Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, zaune a ƙasar Kalgo, kewaye da gonaki. Da yawa cikin ɗalibanta 'ya'yan manoma ne, su suka fi cancanta su sauke wannan ilimi ƙasa. Kowace shekara, kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen ranar saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsayawarsa, har da fassararsa ta Hausa. Haƙƙi ne a kan hakimai da limamai da malaman gona su nemo shi su karanta wa jama'a a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, tun manomi bai yanke shawarar irin da zai saya ba, mai saurin nuna ko mai daɗewa.